Inda Ruwan Teku Ya Kwanta

A lokacin ni ɗalibi ne ɗan garin Gangara a ƙasar Damargu, mai kunya, ba ni da aboki sai littafi. Karatu ya kai ni wani gari na bakin teku tare da taubashina, ɗan goggona, wanda ya tashi a bayan awaki a kwarin Tarka. Ran da za mu shiga mota a Tanut, goggo ta kama hannuna ta ce tunda ni ne mai natsuwa, ta ba ni amanarsa. Mu biyun ba mu san wani ruwa ba sai tabkin damina.

Bayan gari akwai wata gaɓa da ba mai zuwa sai wasu samari masu hawan igiyar ruwa a kan dogon allo. Kowace Lahadi nakan zauna nesa da su ina rubuta abin da na gani. Na lura in iska ta taso daga tudu da safe, igiyar kan miƙe sumul ta karye a hankali, su yi ta murna. In ta juyo daga teku bayan azahar sai ruwan ya hargitse, su watse. Har wurin da suke shiga na rubuta, wani zirin ruwa mai duhu da ke kwance luf tsakanin kumfa. Wata uku ina haka, kunya ba ta bar ni na yi musu ko sallama ba.

Wata safiya taubashina ya biyo ni gaɓar, ya ce yau sai ya shiga ruwan, in zaɓa masa wuri tunda na zama malamin teku. A tabkinmu inda ruwa ya kwanta nan mata ke wanki, nan ake shayar da ƴan awaki, don haka na nuna masa zirin nan. Ruwan bai wuce ƙirjinsa ba na ga yana buga hannu zuwa wajena, amma baya yake tafiya. Ban san lokacin da na ruga wurin samarin ina kururuwa ba. Ɗayansu ya kwanta kan allonsa ya bi shi, ya kewayo da shi ta gefe. Daga baya ya ce mini nan ce hanyar da ruwa ke komawa teku da ƙarfi, su ma don ta ja su ciki suke bin ta.

Taubashina na kwance kan yashi yana aman ruwan gishiri, ni ina kuka. Ya riƙe ƙafata ya ce, "Malam, kar ka gaya wa inna. In ta daina yarda da kai, wa za ta ba wa ni?"

Har yau ba ta sani ba. Duk zuwana gida sai ta ƙulla mini cuku ta sa mini albarka, ni kuwa in kasa haɗa ido da ita. Na koyi cewa kallo daga nesa, komai tsawonsa, ba sani ba ne, kuma kunyata ta kusa cin ran ɗan mutane. Ƴan'uwana na Damargu da karatu ko nema zai kai bakin teku, kada ku auna shi da tabkin gida. In kun ga inda ya kwanta, ku ja baya, ku tambayi masu wurin kafin ku sa ƙafa.