Jan Ɗigon Taswirar Kawu Ilu

Duk wanda ya zauna da Kawu Ilu a Guangzhou ya san ba a barin takarda a gabansa. Kwali ne, rasit ne, ko takardar goge baki ta gidan abinci, sai ya zaro biron nan daga cikin hula ya fara zane. Kogi tukuna, sai gada, sai tsaunuka uku. Kafin shayinka ya huce ya zana maka wani ɗan ƙauye na cikin duwatsun Japan, inda ya taɓa yin wata huɗu yana sayen tsofaffin injinan huɗa.

"Ga gidan waya. Ga shago, ɗaya ne tak. Likita sai Talata. Bas sau biyu a rana, ta wuce ka, ka kwana. Nan kuma ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ba itace ba gawayi!"

"Kawu, ai mun ji jiya."

"Jiya kun ji. Yau za ku gane."

Ranar da muka je garin Shiling duba jakunkuna, laban, wato mai masana'antar, ya miƙo wa Kawu farar fatar ɗinka jaka ya taɓa. Na juya in amsa waya, kafin in waiwayo kogi ya kai gada a kan fatar. Laban ya dafe kai yana ihu. Kawu ko gezau. "Gaya masa ya bari in sa makarantar firamare, ita kaɗai ta rage."

Dariya muke yi har shekarar Olamfik ta zo. Kun tuna yadda garin ya koma. Kowa na yawo da fasfo da takardar rajistar masauki, wanda aka ga matsala a tasa kuwa sai jirgi. Ni bizata saura kwana tara, kwantenata na tashar jiragen ruwa ta Nansha ba a loda ba. Ko tari ba na son yi da ƙarfi.

Wata Laraba da hantsi 'yan sanda suka tare mu a unguwar Liwan. Na miƙa takardata ta rajistar masauki. Ɗan sandan ya duba gabanta, ya juya bayanta, sai fuskarsa ta canza. Na leƙa. Gada, madatsar ruwa, hanyar da ta ɓula cikin dutse, ƙarfe bakwai da ƙarfe huɗu a rubuce, bayani da ajami, ga wani jan ɗigo a gefen tsauni. Ana saura 'yan makonni a fara wasanni!

"Kawu, takardata ka zana wa?"

"Bayanta fari ne, ana ɓarnarsa."

A ofishinsu aka kira Isufu ɗan Maraɗi ya yi tafinta. Ya saurari babbansu, ya dube ni ya ce, "Se girab, wallahi, abin ya yi tsanani. Ya ce wace gada ce wannan, kuma me za a yi ƙarfe bakwai?"

Kawu ya gyara zama kamar an miƙa masa lasifika. Shekara da shekaru yana neman mai sauraro, yau ga mutum huɗu har da littafin rubutu. Ya faro daga tashar bas. Ya bi da su shago, ya kai su gidan wankan ruwan zafi, ya gaya musu kiɗan da ake sakewa ƙarfe biyar don kowa ya koma gida. Ni gumi har cikin takalmi. Babban ya kife takardata, ya ba Kawu farar takarda ya ce ya sake zanawa. Ya zana, ko lanƙwasar kogi ba ta canza ba. Sannan Kawu ya ce a miƙo ta farkon, ya manta injin sayar da lemo na bakin tasha.

Wani ƙaraminsu ya duba kwamfuta, ya gano garin can cikin Japan, har ya tuntsire da dariya. Babban bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa kan jan ɗigon. "Wannan fa?"

Kawu ya mayar da biron cikin hula. Tunda nake ban taɓa ganin an tambaye shi wani abu na taswirar nan ya yi shiru ba.

"Kawu, don girman Allah ka yi magana. Korata za a yi."

Sai ya ce, "Ƙanina Habu ne a nan."

A gida mun san Kawu Habu ya rasu a tafiya. Kunya ta kama ni, don ba wanda ya taɓa tambayar inda yake kwance.

"Mutanen can ƙona gawa suke yi," in ji shi. "Na zauna kusa da shi kwana biyu na hana a taɓa shi. Sai tsofaffin garin suka ba ni wuri a gefen tsauni, suka taya ni haƙa cikin ƙanƙara. Ni kaɗai na yi masa salla. Na nemi komawa, biza ta ƙi. Shi ya sa nake zana wa kowa, ko Allah zai kai wani, ya sauka a bas ɗin safe, ya haye gada, ya yi masa addu'a."

Isufu ya fassara. Babban ya dubi takardar, ya ninke ta, ya miƙo mini da hannu biyu. Na ce "sheshe", wato na gode da Sinanci, ya fi sau goma.

Muna fita, Kawu ya zungure ni. "Ka gani? Ɗan sanda ma ya fi ku natsuwa. Har ƙarshe ya ji!"

Watan jiya muka kai Kawu makwancinsa a Kano, mutane har bakin titi. Takardar nan tana cikin fasfona, na kuma fara neman bizar Japan. Na san bas ɗin ƙarfe bakwai ake hawa.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya kai haske kabarin da ke gefen tsauni, Ya haɗa su a inda ba a tambayar kowa takarda. Amin.