Lambar da ta kusa hana ni aure

Shekarun baya, ina sabon malamin lissafi a Maiyama, ina da wani wasa da nake burge 'yan majalisarmu ta hira da shi bayan la'asar. Sai in ce mutum ya riƙe lamba mai gida uku a ransa, misali 472, ya rubuta ta sau biyu a wayarsa ta zama 472472, ya raba da bakwai, ya sake rabawa da sha ɗaya, ya faɗa mini abin da ya fito. Ni kuma, don son a sani, sai in share ƙasa da tafin hannu, in yi 'yan zane-zane da yatsa, in ɗago kai a hankali in faɗi lambar da ya ɓoye.

Ban san na jawo wa kaina ba sai da wata tsohuwa ta yi mini sallama da safe, wai tunkiyarta ta ɓata, in duba mata. Na yi dariya. Amma labarin ya riga ya kai Jega, gidan yarinyar da nake nema, aka aiko cewa in dakata da zuwa. Gaskiya hankalina ya tashi, don ina son ta ƙwarai.

Ranar kasuwa na hau mashin, na iske mahaifinta a rumfarsa ta hatsi, na durƙusa.

"An ce mani bugun ƙasa kaka yi," in ji shi. "Ɗiyata ba ta zama gidan boka."

Na ce, "Baba, lissafi ne kawai. Ku ba ni dama in nuna muku."

Na bayyana masa cewa rubuta lamba mai gida uku sau biyu daidai yake da ninka ta sau 1001. Ita kuwa 1001, bakwai ce sau sha ɗaya sau sha uku, lambobi uku da babu mai raba su sai ɗaya da su kansu. Mutum ya riga ya raba da bakwai da sha ɗaya a wayarsa, ni da sha ukun kaɗai nake rabawa a ƙasa.

Bai yarda ba sai da ya gwada da kansa, ya sake, ya kuma sakewa. Can ya ɗago yana murmushi.

"Shi ke nan? Ashe babu aljani ciki! To, daga yau bisa takarda za ka yi, ka ji ko?"

Aka ɗaura aure bayan girbin albasa. Allah ya yi wa surukin nawa rasuwa tun tuni, kuma har yau ina kewarsa.

Kwanaki 'yata ta fari ta ce in riƙe lamba mai gida uku a raina. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce kakanta ne, kuma ya ja mata kunne kada ta faɗa mini sirrin. Na riƙe lambar, ta share ƙasa da tafin hannu.