Mai Makulli da Baƙuwar da Ta Kira Shi Baba

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, daidai inda motocin haya ke juyawa. Idan ya miƙe hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Ƙusoshi ne jere a jikin allo, kowace da makullan da ba a yanka ba, sai ɗan injin yanka, da magagari uku, da wani gwangwani cike da matattun kwaɗuna. Ya fi shekara talatin a wurin, har kowa ya manta sunansa. Mai Makulli kawai ake cewa.

Ni maƙwabcinsa ne. Na yi aikin masinja a kotun yara, ina kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, har na yi ritaya. Shi ya sa yake kirana Alƙali Marar Kujera. Kullum da hantsi zai karkaɗe benci ya ce, "Zauna, ranka ya daɗe, yau ma ba a kawo kujerar ba."

Yana da doka a aikinsa. Ba ya buɗe ƙofa sai mai ita ya zo da shaida. Wanda kuma ya kawo masa zanen makulli a jikin sabulu, sai ya miƙa masa abinsa ya ce, "Je ka yi wanka da shi, ɗana, ya fi maka amfani."

'Ya ɗaya gare shi. Uwarta ta rasu tana shekara biyar, ta tashi a gindin teburinsa. Siririya ce mai dogayen yatsu, mutanen layi suka sa mata Allura. Sauran yara na wasa da 'yar tsana, ita gwangwanin kwaɗunan nan ne abin wasanta.

Tana shekara goma sha huɗu abin ya faru. Shugabar makarantarsu ta ƙwace wayoyin ɗalibai ta kulle a kabad. Wasu 'yan mata biyu da suka girme ta suka yi ta zuga ta, wai baki ne kawai da ita, ba ta iya komai ba. Ta cire fil daga ɗankwalinta ta buɗe. Waya bakwai suka fita, biyu ba su dawo ba. Da aka bincika, ashe ba shi ne na farko ba, ta sha buɗe akwatunan ɗalibai don a yi mata tafi. Ban ce ba ta yi laifi ba. Ta yi.

Kotu ta ba da ita a hannun uban, sai an kawo rahoton gida. A makonnin nan kowa a layin ya zama masani. Mai aski ya ce wayar ce ta lalata yaran yanzu. Mai shayi ya ce zama da maɗaukin kanwa ne. Gwaggonta ta ce rashin uwa ne, ta kuwa daɗe tana faɗa. Shi dai sai gugar makulli.

Ranar da aka ce jami'ar jin daɗin jama'a za ta zo, ya tambaye ni yadda zai yi. Na san rahoton nan shi alƙali ke dubawa fiye da komai, na ɗauki irinsa ba adadi. Na ce masa, "Ka saki jiki da ita. Ka nuna mata yarinyar na da sana'a a hannu. Alƙali na son ya ji yaro yana da abin yi." Na ga an saki ɗan tela a kan haka, na ga an saki ɗan makanike. Ban tsaya na yi tunanin ko duk sana'o'i ɗaya ne a kan takarda ba.

Ta zo da la'asar. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar yayar Allura ba, da tana da yaya. Ya ba ta kujerarsa, ta ƙi, ta zauna a benci kusa da ni. Ta yi tambaya biyu uku ta rubuta, sannan ta rufe littafin ta jefa a jaka.

"Baba, mu bar takarda. Hira za mu yi, ni da kai."

Mutumin da ya shekara tara ba wanda ya tambaye shi yadda ya yi da marainiya, in ya sami kunne, sai abin da Allah ya yi. Ya ba ta labarin yadda ya koyi kitso a kan igiya don ya riƙa yi wa 'yarsa. Ya ba ta labarin sabulu, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya faɗa mata yadda Allura ta buɗe kwaɗonta na farko tana shekara tara, da yadda yake ba ta alewa ɗaya a kan kowane kwaɗo, don ta zauna wuri ɗaya kada ta fita titi.

"Da gaske, Baba? Ba makulli?"

Ya ɗago wani ƙaton kwaɗo na ƙofar sito, ya kira Allura. Ta leƙo, ta dubi kwaɗon, ta dubi baƙuwar.

"Baba, a gabanta?"

"Ai ta gida ce," in ji shi.

Kafin in gyara zama, kwaɗon ya yi ƙaras. Jami'ar ta tafa hannu, ta ce a sake. Aka sake. Ban taɓa ganin fuskar Mai Makulli ta yi haske irin na ranar ba. Da za ta tafi har ya lura zip ɗin jakarta ya lalace, ya gyara mata. Ta ce, "Ka kwantar da hankalinka, Baba."

Ɗakin kotun yara ƙarami ne, ba a barin 'yan kallo, amma tsohon masinja ba ya rasa inda zai raɓe. Aka karanta rahoton a fili. An rubuta shi da kyau, ba kalmar zagi ko ɗaya. Ya ce yaro daga abin da ya gani a gida yake koyon laifi, musamman in ana ba shi lada a kai. Ya ce wannan yarinya ta koyi buɗe kulle ba makulli tun tana shekara tara, a hannun mahaifinta, yana biyan ta da alewa. Ya ce rashin uwa ya sa take neman yabo ko ta halin ƙaƙa. Ya ce uban bai ga aibin abin ba, don a gaban jami'ar ma ya sa ta yi sau biyu yana alfahari. Shawara ita ce a raba ta da wurin.

Na kasa kunne ko zan ji sabulu. Ban ji ba. Kitson ma bai shiga ba.

'Yan matan nan biyu, ɗaya ubanta malamin makaranta ne, ɗaya mai shagon magani. Rahotonsu ya ce gidajen kirki ne, kuskure aka samu. Aka ja musu kunne suka bi iyayensu. Allura kuwa wata goma sha takwas a gidan gyaran hali, in ta fito ta zauna wurin gwaggonta, ba a shagon ba.

Ba ta yi kuka ba. Da ma'aikaciyar gidan ta riƙe hannunta, ta juyo ta dubi uban.

"Ai ta gida ce, Baba," ta ce, aka fita da ita.

A baranda muka haɗu da jami'ar. Ba ta kauce ba, har ta ɗan rusuna.

"Baba, sai haƙuri. Don alherinta ne. Aikina in rubuta abin da na gani."

"Littafin a rufe yake, 'yata."

"Ban ce zan manta ba, Baba."

Ya daɗe yana kallon jakar da ke kafaɗarta. Zip ɗin na nan daram. Ya ce, "Haka ne. Ba ki ce ba."

Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Har yau yana karkaɗe mini benci. Sai dai tun daga ranar Malam yake kirana, kamar yadda yake kiran kowa.

Duk ƙarshen wata yana rufe shago ya hau mota biyu ya je ya gan ta. Tana fitowa, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Amsarta kullum ɗaya ce: Lafiya lau. Ana ba mu abinci. Ba komai. An ce an koya mata ɗinki, kuma ba a taɓa kama ta da laifi ba. Jami'ar ma an ƙara mata girma. Na ji tana koyar da sababbin ma'aikata yadda ake sa iyaye su saki baki.

Allura ta fito ta koma gidan gwaggonta, layi uku daga shagon. Takan biyo ta gaishe shi daga bakin titi, hannuwanta a cikin mayafi.

Wata rana da azahar gwaggon ta turo a kira shi, ta yar da makulli a kasuwa. Na raka shi, don har yanzu ba ya buɗe ƙofa ba shaida. Muka tarar da su a waje, rana na dukansu. Allura na zaune a dakali, kayan miya na yaushi a gefenta. Kwaɗon ɗan ƙarami ne na banza, irin wanda take buɗewa tun ba ta gama famfara ba. Ga fil a ɗankwalinta.

"Awa biyu ina fama da ita," in ji gwaggon. "Ta ce ba ta iya ba."

Mai Makulli ya tsuguna. Ya zaro siririyar wayarsa ta buɗe kwaɗo, ya riƙe ta a tafin hannu, a buɗe, ta ɓangaren da yarinyar take. Ya ɗan jima a haka. Ita tana kallon wata akuya a tsallaken hanya.

Sai ya sa wayar da kansa. Sai da ya gwada sau uku kafin kwaɗon ya buɗe.

"Sannu, Baba," ta ce. Ta kwashi kayan miyan ta shige.

Muka koma gindin matakalar. Ya ɗauki gwangwanin kwaɗunan nan, ya jijjiga shi kaɗan, ya tura shi can ƙarƙashin tebur inda ƙafa ba ta kaiwa.

"Zauna, Malam," ya ce.