Gilashin da Ya Fito da Hazo

Ko da zan manta da komai na karatuna a Talata Mafara, ranar da muka yi feshinmu na ƙarshe ba za ta fita daga raina ba.

Mu biyu aka haɗa a aikin kammala karatu, ni da wani abokina ɗan garin Gidan Goga. Aikin shi ne mu ɗora ɗan gilashi a kan farantin lantarki ya yi zafi, mu fesa masa ruwan sinadarin zinki, ruwan ya ƙone ya bar wata shimfiɗa siririya da ido ba ya ko gani. In zafin ya tsaya daidai, gilashin zai fito garau, haske ya ratsa shi, wuta kuma ta bi ta kansa. In kuwa ya huce ko iska ta buge shi, sai ya fito fari kamar an barbaɗa masa gari. Ni mai gaggawa ne, ba na iya jira. Abokina ke da hannun feshi, har nakan tsokane shi cewa a gonar wake ya koyo.

Ana cikin haka 'yan bindiga suka kashe mahaifinsa a gona. Ya je gida, ya dawo bayan sadakar bakwai a rame. Shi ne babba a gidansu, kuma ya faɗa mini ƙarara cewa in aikin nan ya lalace ba zai iya maimaita shekara ba, karatun ya ƙare ke nan. Ga shi sinadarin da ya rage mana na feshi ɗaya ne tak.

Ranar feshin, da hantsi aka kawo wuta, hadari na haɗuwa a gabas. Muka rufe tagogi, gilashi ya yi zafi, abokina ya fara feshi. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yan ajinmu ne suka ji ya dawo, suka zo ta'aziyya. Ya ajiye abin feshi ya ɗaga hannu aka yi addu'a, iskar damina kuwa tana kwararowa ta ƙofa. Suna fita wasu suka shigo. Raina ya ɓaci, na ce bari in sa sakata.

"A'a," in ji shi. "Mutum ya taho yi ma babana addu'a, in ruhe mai ƙohwa? Bar ta."

Na ƙarshe wani dattijo ne, aminin mahaifinsa, ya hawo babur tun daga Faru, rigarsa duk laka. Abokina ya durƙusa har ƙasa. Dattijon ya dafa kansa ya ce, "Ban samu zuwa gida ba, hanya ba ta biyuwa. Allah shi jiƙan shi. Kullum maganatai ɗaya, ɗana na can shina karatu." Ina tsaye ina kallon zafin farantin yana sauka, hawaye na zubo mini.

Gilashin ya fito da hazo, dabbare-dabbare. Da malaminmu ya ɗaga shi a haske, ya tambayi abin da ya faru. Abokina bai ɓoye komai ba, ya ba shi labarin ƙofar da iskar da yadda zafi ya riƙa sauka. Malam ya ce mu jera shi kusa da masu kyan da muka yi a baya, mu bayyana dalilin bambancin, domin dama abin da aka sa mu bincika ke nan. Da ƙyar muka haye, amma mun haye.

Yau abokina yana Bakura inda ya koma da mahaifiyarsa da ƙannensa, yana koyarwa yana noma. Gilashin yana wurina. Da shi da masu kyan, sinadari ɗaya ne, hannu ɗaya ne ya fesa su duka, halin da aka yi feshin a ciki ne kawai ya bambanta. Tun daga ranar, in na ga mutum ya kasa, ba na saurin yanke masa hukunci sai na tambayi irin iskar da ta shigo masa.