Ƙafar Matrawi

Shekara arba'in kawuna Matrawi ya yi yana ƙetarar da mutane da awaki daga tsibirinmu zuwa birni a kwalekwalensa. Ba ruwansa da agogo. Ƙafa yake tsomawa a teku, ya ce a tashi ko a dakata.

Da aka zo gina gadar mota da jirgin ƙasa, sai aka ɗauke shi aikin kai wa ma'aikata abinci can tsakiyar ruwa. Wata safiya ya tarar za a jawo wani ƙaton ƙarfe a jirgin ruwa na dako. Ya tsoma ƙafa, ya dubi injiniya Wiryawan.

"Yaro, bari sai bayan azahar. Ruwan ya juya ta ƙasa."

Injiniyan ya yi dariya. "Baba, muna da na'ura. Kai dai sauke mana shinkafarmu."

Kawu ya sauke, ya koma gefe ya kunna taba. Kafin ya gama karan, igiya biyu sun tsinke, jirgin na ta juyi kamar mashayi. Tun daga ranar ba a ƙara motsa ƙarfe ba sai an tambaye shi.

Ranar buɗe gada Wiryawan ya aiko masa da sabuwar riga da katin gayyata. Ya riƙe rigar, ya mayar da katin. Jirgin ƙasa na farko na ruri a kan gadar, shi yana ƙasa a kwalekwalensa da fasinja ɗaya, wata tsohuwa da akuyarta.

Da ya dawo na ce, "Kawu, ko sau ɗaya ba za ka hau ba?"

Ya harare ni. "In hau in yi me? Ruwan nan ya san ƙafata. Masu tsoronsa su bi ta sama."