Babur Mai Jalala

Muna sallame sallar asuba muka bar Tudun Wada a kan babur, ni da taubashina baduku. Saƙo ne ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Katsina cewa Yaya, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana kwance, kuma ta ce in ina son ganinta kada in tsaya jiran ayari. Jirgin ƙasa bai bi ta can ba, doki kuwa sai an yi ta yada zango.

Ga yadda aka samu babur ɗin. Taubashina yana kai fatu kantin wani Bature, nan ya ji za a sayar da babura biyu. Muka je muka duba su kamar yadda ake duba doki a kasuwa. Ɗaya siriri ne mai sheƙi, sai dai cikinsa dab da ƙasa. Muka ce wannan na yawon gari ne, kututture ɗaya zai farke shi. Ɗayan baƙi ne, mai faɗin ƙirji da tsayin ƙafa, muryarsa kamar ta tsohon ladan. Shi muka ɗauka. Baturen ya koya wa taubashina tayarwa da tsayarwa, bai ƙara komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Shirin kaya aikin baduku ne. Ya ɗinka mangala ta fata, ya sa gwangwanin fetur a kowane gefe don nauyi ya daidaita, ya cusa robar faci da famfon iska da igiya, da butata da buzuna, da goron Yaya. Sannan ya ɗinka jalala mai kauri, cike da auduga, irin wadda ake shimfiɗa wa doki, ya lulluɓe injin da ita ruf. Ya ce abin da zai ɗauki mutum biyu ba a barinsa tsirara rana ta doke shi. Na ce wannan tausayi ne, Allah Ya ba da lada.

Lokacin kaka ne, dawa ta fi kanmu tsayi dama da hagu. A Giwa masu fura suka ji rugugi suka watse da ƙoransu, sannan suka dawo suna leƙe. Furarsu araha, ga nono mai kauri, wata tsohuwa ma ta tambaya ko dokin namu zai sha.

Ba mu kai Funtuwa ba babur ya yi tari ya tsaya, yana wari kamar tuwo ya kama. Muka tura shi inuwa, na yi walaha, aka taka ya tashi. Da azahar ya sake, da la'asar ma haka.

"Malam, tofi ka yi masa?" in ji taubashina. "Ba ya wuce lokacin salla."

"Ai ya fi mai shi," na ce.

Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Duk tsayuwa sai in ga fuskar Yaya. A Bakori muka kwana, tafiyar da muka sa ran gamawa ko rabi ba mu yi ba.

Washegari bayan Malumfashi muka tarar da rafi. Muka kwance kaya muka tsallaka da babur a tura, buzuna ya faɗa ruwa ya jiƙe sharkaf. Da lokacin salla ya yi, ƙasa duk laka, sai taubashina ya zare jalalar ya shimfiɗa mana. Wallahi sai da muka jira ta huce kafin goshi ya iya taɓa ta. Muna idarwa, don sauri, na naɗe ta na ɗora a cinya muka hau.

Babur ya miƙe bai ƙara tari ba. Can taubashina ya waiwayo.

"Malam, ashe shaƙe shi muka yi. Iska yake so."

"Wa ya ɗinka?"

"Wa ya sa albarka?"

Muka isa rana ba ta faɗi ba. Alhamdu lillahi, na tarar da Yaya da ranta. Ta rame ƙwarai, amma bakinta na nan. Ta riƙe hannuna, ta dubi taubashinmu ta ce, "Wannan bawan nawa ne ya kawo ka? Har yaushe ya yi hankali?" Na taɓa ƙafafunta na ji su sanyi ƙalau. Taubashina ya fita ya ɗora jalalar a kan injin da bai huce ba, ya kawo ta da ɗuminta ya naɗe mata ƙafafu. Ta lumshe ido ta ce, "To, na 'yanta ka."

Ranar da za mu taho tana zaune tana shan kunu, jalala a ƙafa, ta ce ba ta bayarwa. Muka dawo Tudun Wada da injin tsirara, bai tsaya ba sai inda muka tsayar da shi. Abin da na koyo a hanyar nan shi ne, kafin ka tausaya wa abu ka san halittarsa. Taubashina kuwa har yau yana gaya wa mutane cewa tun farko don Yaya ya ɗinka ta.