Akuyar da Ba a Ƙidaya Ba

Kakata Iya Dije ba ta yarda da alherin da ya zo babu dalili. Ko goro aka ba ta, sai ta fasa ta duba tsutsa. Mu jikokinta a Dangora mun saba da halinta, muna kewaye murhunta bayan isha'i, tana gasa masara tana mana tatsuniya.

Lokacin ina aji biyar. Shan inna ya shanye mini ƙafar hagu, da sanda nake zuwa firamare. Hedimasta yana nuna mini tausayi ƙwarai. Duk ranar da masu duba makarantu za su zo daga Kiru, sai ya shafa kaina ya ce in huta a gida. Ni kuwa har gori nake yi wa 'yan'uwana.

Da na ba Iya labari, sai ta tambaye ni yara nawa ake ba hutun. Na ce ni kaɗai. Ta daɗe tana juya masara, sannan ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tafe.

Wai wani makiyayi ne yake kiwon awakin wani attajiri, cikinsu akwai gurguwa. Duk ranar ƙidaya sai ya shigar da ita bukka don kada a ga aibin garkensa, ya ce mata ta huta, rana da zafi. Akuya ta ɗauka so ne. Da rani ya yi, attajiri ya aiko da dusa daidai kawunan da ya ƙidaya, babu tata. Ran da kura ta ɗauke ta ma babu wanda ya fita nema, don a wurin attajiri garke ya cika.

Ƙanwata Lami ta ce makiyayin mugu ne. Iya ta ce, "Oho. Ni dai na san ya iya shafa kai."

Haushi ya kama ni, don na gane da wa take. A raina na ce tsohuwar nan zarginta ya yi yawa.

Zuwan baƙin na gaba, da kanta ta raka ni, ta zauna a ƙofar aji da carbinta. Ba ta yi boko ba, amma ta tari babbansu ta ce, "Ranka ya daɗe, karanto mini sunan jikana Sale a littafin nan, in ji da kunnena."

Ya bi rajista da yatsa har ƙasa, ya sake bi. Babu ni. Ashe shekara biyar da ka ake kiran sunana. Da ba a gano ba, da ba zan zauna jarrabawar shiga sakandare ba. Baƙon ya rubuta sunan da hannunsa, hedimasta yana ta share gumi.

Sai da na girma na fahimci cewa wanda ba a rubuta sunansa ba, ba shi da bakin neman haƙƙinsa, komai yawan shafa kai. Yau ni ma malami ne a garin Ƙofa. Duk wanda ya ce mini a bar kurma ko gurgu ya huta a gida, sai ƙanshin masarar Iya ya dawo mini, in ce a fara miƙo mini rajista.